Rubutun Dakta a Gefen Hoton Kifi

Duk wanda ya taɓa zama a sashen nazarin halittun ruwa na jami'ar ya san yadda Dakta take gyara takarda. Ba ta riƙe jan biro, sai kore, kuma ba ta fara gyara da laifi. Ko shafin da ɗalibi ya kawo mata babu abin kirki a cikinsa, sai ta lalubo abu ɗaya ta yaba, sannan ta ce, "Amma da za a ɗan duba nan." Ɗalibai suna tsokanarta a bayan ido, wai Dakta sai ta gama shafa maka auduga sannan take soka allura.

Wurin mahaifinta ta gaji wannan hali. Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran rubutu a wani gidan buga littattafai kafin ya ajiye aiki. Da mahaifiyarta ta rasu, sai Dakta ta ɗauko shi ya dawo gidanta, ta ba shi ɗakin da ke kusa da falo. Idonsa ya yi rauni, amma har yanzu ba ya iya wuce kwalin magani ko kalandar bango bai nuna inda aka manta waƙafi ba. Tun tana ƙarama yake ce mata, "Auta, wanda ya yi kuskuren nan shi kaɗai zai zauna ya karanta abin da kika rubuta masa. Babu mai lallashinsa a wurin, sai rubutun naki."

Wata Talata editan wata mujallar bincike ya turo mata takarda ta duba. Haka tsarin yake: kafin a buga bincike, sai an ba masana biyu sun tantance shi. Mai dubawa ba ya sanin wanda ya rubuta, wanda ya rubuta ba ya sanin mai dubawa, kuma ba a nuna wa kowa takardar har sai ta fito. Editan dattijon farfesa ne da ya koyar da ita a shekarun baya. Ya biyo saƙon da kiran waya.

"Dakta, ki taimaka ki duba mini wannan da idon rahama," in ji shi. "Mai dubawa na farko layi uku kawai ya aiko. Bari in karanta miki. Wai, 'Ban iya wuce shafi na huɗu ba. Wanda bai san inda ake sa aya ba, ban ga dalilin da zai sa a yarda da lissafinsa ba. A mayar masa.' Kin ji fa."

"Kai, Farfesa! Ai wannan mari ne."

"Shi ya sa na neme ki."

Binciken a kan tarwaɗa ne. Mai binciken ya zuba kifaye a tankunan gilashi a ɗakin gwaji, ya riƙa sa musu maganin feshin gona da gangan, daga kaɗan har zuwa wanda ya ninka abin da ake samu a kowane ruwa sau ɗari, don a gane iyakar abin da kifi zai iya ɗauka. Aikin kansa mai kyau ne, Dakta ta ga haka tun a shafukan farko. Rubutun ne dai kamar an yi shi ana gudu. Kalmomi sun haɗe, lambobin tebur sun saɓa, wani sakin layi ya fito sau biyu.

Ba ta son karatu a kwamfuta, don haka ta buga takardar a firinta ta tafi da ita gida. Ranar Asabar da hantsi ta baje shafukan a teburin cin abinci, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A shafi na goma sha ɗaya akwai hoto: tarwaɗa uku a jere a kan farin faranti, fatarsu ta saɓule, jikinsu duk jan gyambo. Su ne waɗanda aka zuba wa magani mafi yawa. Hoton ƙarami ne, kuma bayanin da ke ƙarƙashinsa bai faɗi komai ba. Dakta ta rubuta a gefensa, kamar yadda ta saba:

"Wannan hoton yana da muhimmanci ƙwarai, ya kamata kowa ya gan shi da kyau."

Sannan ta sauko ƙasan shafin ta ƙara:

"Don Allah a ƙara girmansa, kuma a rubuta cewa kifin ɗakin gwaji ne da aka sa wa magani da gangan, kada mai karatu ya ɗauka na kasuwa ne."

Tana cikin haka bakanike ya kira ya ce motarta ta gyaru. Ta bar takardun a kan tebur ta fita, ba ta fi awa ɗaya ba ta dawo ta ci gaba. Ranar Litinin ta aika wa Farfesa rahotonta, ta haɗa da kwafin shafukan da ta yi wa gyara da hannu, don a tura wa mai binciken ya ga kowane wuri. Ta ba da shawarar a buga bayan an yi gyara. Daga nan ta manta da zancen.

Bayan kwana tara, tana fitowa daga aji da ƙurar alli a hannunta, sakatariyar sashen ta tare ta a bakin ofis. Matar ta girme ta, kuma ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Dakta, shigo ki rufe ƙofa."

"Lafiya, Yaya?"

"Ke za ki faɗa mini. Duba nan."

Ta miƙa mata waya. Hoto ne da aka turo a zauren matan unguwarsu. Tarwaɗa uku a farin faranti, jikinsu duk gyambo. A samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: A DAINA CIN KIFIN KIWO! WATA DAKTA A JAMI'A TA GANO GUBA A JIKINSA, AN HANA TA MAGANA. GA RUBUTUNTA DA HANNUNTA. TURA WA DUK WANDA KAKE ƘAUNA.

A gefen hoton kuwa, da koren biro, ga shi nan ɓaro-ɓaro: "Wannan hoton yana da muhimmanci ƙwarai, ya kamata kowa ya gan shi da kyau."

Ƙasan shafin babu shi. An yanke daidai ƙarƙashin farantin.

Dakta ta ja da baya. Ta laluba kujera ta zauna, ba ta ma lura a kan jakar sakatariyar ta zauna ba.

"Rubutunki ne, ko ba haka ba?" in ji sakatariyar. "Shekara goma ina buga takardun da kika gyara. Ko a mafarki na ga wannan kore na san shi."

"Nawa ne."

"To gubar gaskiya ce? Jiya na zubar da kifin da na saya, Dakta, rabin firji!"

"Babu wata guba, Yaya. Kifin gwaji ne. Da gangan aka..." Ta sake duba hoton. "Wa ya turo miki?"

"Wa bai turo ba? Zaure huɗu na gan shi tun safe. Ƙanwata da ke can wata ƙasa ma ta turo mini, wai in yi hankali."

Dakta ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, tana neman abin da zai nuna mata inda ya fito. Zuciyarta ta tafi kan ofishin mujallar, ta tafi kan mai binciken kansa. Sai ta ga kusurwar hagu ta sama, inda takardar ta ƙare. Wani ɗan yanki ne na leda mai shuɗin fure. Ledar teburin cin abincinta ce, har da ƙonewar da tukunya ta yi mata bara.

A gidanta aka ɗauki hoton.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Farfesa ne, kuma muryarsa ba irin ta ranar nan ba ce.

"Dakta, kin ga abin da ke yawo?"

"Yanzu na gani, Farfesa."

"Mai binciken ta kira ni tana kuka. Mace ce, tunda abin ya kai haka gara ki sani. Ta ce rubutun da ke jikin hoton na mai dubawa na biyu ne, ta gane shi daga shafukan da na tura mata. Na ce mata ba zai yiwu ba. Na ce ko kowa zai yi haka, ban da wannan. Ki gaya mini ban yi ƙarya ba."

"Farfesa, ka ba ni awa biyu."

Ya ce, "Ashe dai akwai magana," ya kashe.

Ta bar darasin rana ba ta ko sanar ba. A hanya tana ta ƙirga mutanen gidan. Maigidanta ya yi wata guda a wurin aiki a wani gari. Yaranta biyu suna makarantar kwana. Ranar Asabar ɗin nan ba wanda ya shigo. Ta ƙirga ta sake ƙirgawa, amsar ɗaya ce, ita kuma ta ƙi karɓarta har ta tsayar da mota a ƙofar gida.

Baba yana zaune a falo, rediyo a kashe, abin da ba ya faruwa. Abincin safen da ta ajiye masa yana nan a rufe. Wayarsa tana kife a kan hannun kujera. Da ya ga ta shigo da rana tsaka, bai tambaye ta dalili ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Kin gani ke nan," ya ce.

"Baba..."

"Tun shekaranjiya nake neman bakin da zan faɗa miki. Zauna, Auta."

Ba ta zauna ba. Ya ɗauki wayar, ya buɗe zauren tsofaffin ma'aikatan gidan buga littattafai, su ashirin da wani abu, inda suke gaisawa da tura wa juna labarin wanda ya rasu da wanda ya aurar da jika. Ya ja sama har ya kai ranar Asabar ɗin. Ga hoton nan cikakke, shafin gaba ɗaya, da rubutun gefe da na ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai saƙon murya. Baba ya danna, muryarsa ta cika falon, cike da fara'a:

"Jama'a, ku ga aikin 'yar wajena. Ku ga yadda ake gyara. Ta yaba, sannan ta gyara, babu zagi babu wulaƙanci. Irin wannan muka yi a zamaninmu, ga shi bai mutu ba."

Dakta ta dafa bango.

"Rubutun na ɗauka," in ji Baba. "Wallahi ko kifin ban kalla da kyau ba. Na fito shan ruwa na ga takardu, na ga hannunki, sai daɗi ya kama ni."

Ta karɓi wayar ta bi abin da ya biyo baya. Mutum biyu sun sa albarka. Sai wani tsohon mai kula da injin bugu ya tambaya, "Me ya sami kifin nan haka?" Baba ya amsa da kalma uku: "Guba aka sa." Wani ya ce, "Subhanallahi, a kifin da muke ci?" Babu amsa, domin Baba ya ajiye waya ya kwanta. Kafin ya tashi an yi saƙo sittin. Wani ya yanke hoton don kifin ya fito sosai, saboda masu raunin ido. Wani ya ce ai dama ya daɗe yana zargin kifin kiwo. Wani ya ce ya tura wa 'ya'yansa. A cikin saƙonnin babu wanda ya yi niyyar ƙarya, kowa ɗan abin da ya fahimta ya ɗora. Manyan baƙaƙen nan da zancen an hana ta magana, a waje aka ƙara su, ba wanda ya san ko wane ne.

"Da na tashi na yi musu bayani," in ji Baba. "Na ce su karanta rubutun ƙasa. Suka ce to. Na ɗauka magana ta mutu a nan. Shekaranjiya sai ga shi mai wankin motar layin nan yana nuna mini, wai Baba ka daina cin kifi."

"Baba, takardar sirri ce! Amana aka ba ni!"

Tun da take ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Na sani," ya ce a hankali. "Ni da na yi aikin nan, wa zai gaya mini? Littafin mutum ya kwana a teburina wata uku, ko mahaifiyarki ban taɓa karanta wa layi ɗaya ba. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Abin nan," ya nuna wayar, "danna shi ba ya kama da fitar da takarda daga ofis. Sai ka ga kamar hira ce."

Ta shiga ɗaki ta kira Farfesa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta ce laifinta ne, ita ta bar takardar a fili. Ya saurara har ta gama.

"Babanki?" ya ce. "Wanda ya gyara mini littafina na farko?"

"Shi."

"Ikon Allah." Ya ja numfashi. "Dakta, dole in kai maganar gaban kwamitin mujalla, kin san haka. Kuma matar nan ta ce tana son ta ga wanda ya yi mata wannan. Ba dole ba ne ki yarda, doka ta ba ki damar ɓoye sunanki."

"Ka ba ni adireshinta."

Washegari ta yi tafiyar awa biyu zuwa wata ƙaramar kwalejin aikin gona. Ɗakin gwajin yana can bayan gine-gine, kusa da tankin ruwa, an sa masa sabon kwaɗo. Mai binciken tana zaune a kan benci a bakin ƙofar. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, siririya, idonta ya kumbura. Da Dakta ta faɗi ko ita wace ce, matar ta miƙe tsaye, ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai koren biro?"

"Ni ce."

"Na ɗauka namiji ne. Na ɗauka tsoho ne ma." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Malama, kin san abin da ya faru a nan? Farantin da ke cikin hoton yana da lambar kwalejin nan a bakinsa. Ranar Litinin masu kiwon kifi suka zo, mota uku. Sun ce dillalai sun daina ɗauka, kifi ya isa sayarwa yana ta cin abinci a banza. Shugaban kwaleji ya fito ya ba su haƙuri, ya juyo ya ce ni na tayar da hankalin jama'a don neman suna. Ya dakatar da ni, ya rufe ɗakin. Akwai kifi ɗari biyu a ciki. Sau ɗaya a rana ake buɗe mini in ba su abinci, mai gadi yana tsaye a kaina."

Dakta ta buɗe baki, matar ta ɗaga hannu.

"Bari in gama, don Allah. Rahoton farko da aka turo mini, na wanda ya ce ban san aya ba, na yi kuka kwana ɗaya na share hawaye. Na saba. A waya na buga rabin takardar nan, ina jinyar mahaifiyata a asibiti, na san akwai kurakurai. Sai ga naki. Shafi ashirin da biyu, kowane kuskure kin nuna, kuma ba inda kika ce mini jahila. Har mijina na karanta wa. Na ce masa, ka ga, akwai mutanen kirki a aikin nan. Bayan kwana huɗu sai na ga wannan rubutun dai, a wayar mai sayar da katin waya. Na ce ashe daɗin bakin tarko ne. Na kwana ina tunanin me na yi wa mutumin nan da ban ma sani ba."

Dakta ta ciro wayar Baba, wadda ta karɓo da izininsa. Ta nuna mata hoton cikakke, ta kunna mata saƙon muryar, ta bar ta ta karanta sauran da kanta. Matar ta karanta tana tsaye, sannan ta zauna ta sake karantawa.

"Shi ke nan?" ta ce. "Wannan ne duka? Tsoho yana alfahari da 'yarsa?"

"Shi ke nan."

"Babu wanda ya tsane ni?"

"Babu. Sakacina ne. Na zo in ba ki haƙuri, kuma in gaya wa shugabanku da bakina."

Matar ta rufe fuska da gyale. Kafaɗunta suna rawa, Dakta ba ta iya gane ko kuka take ko dariya ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Da maƙiyi ne da na san abin da zan yi da fushin nan. Yanzu ina zan kai shi?"

A ranar Dakta ta ga shugaban kwalejin, ta rubuta bayani ta sa hannu. Bayan kwana uku, da izinin mujallar, suka yi ɗan bidiyo a ɗakin gwajin da aka buɗe musu. Mai binciken ta nuna tankuna ta yi bayanin gwajin, Dakta ta ɗaga shafi na goma sha ɗaya cikakke ta karanta rubutun ƙasa. Baba ya nace sai an zo da shi. Ya zauna a gaban kyamara ya ce shi ya ɗauki hoton, shi ya rubuta kalmar guba, kuma yana neman gafarar duk wanda abin ya taɓa.

Dakta ta ɗauka da gaskiya ta fito magana ta ƙare. Suka sa bidiyon a shafin kwaleji da na jami'a, suka tura duk zaurukan da suka sani. Bayan mako guda mutum ɗari huɗu da 'yan kai ne suka kalla. Hoton kuwa, a shafi ɗaya kawai an tura shi sau dubu goma sha ɗaya. Ta zauna a ofis tana karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon, bakinta a buɗe. Wani ya ce, "Ku dubi idonta, tsorata ta aka yi." Wata ta ce, "An saye ta, har da tsohon aka haɗa." Wani kuma ya yanko fuskarta daga bidiyon ya manna kusa da kifin, ya rubuta: GA JARUMAR DA AKA TILASTA WA JANYE MAGANARTA.

"Yaya, zo ki gani," ta ce wa sakatariyar. "Na ce ƙarya ne, sun ce faɗin da na yi shi ne shaidar gaskiya ne."

Sakatariyar ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Ni ma ƙanwata ta ce kada in yarda da ke," ta ce. "Na ce mata ofishinmu ɗaya. Ta ce ai shi ya sa."

Kwalejin ta mayar da mai binciken bakin aiki bayan sati uku. Kifi talatin da ɗaya sun mutu a lokacin da ɗakin yake rufe, dole ta sake wani sashe na gwajin. Kwamitin mujallar ya cire Dakta daga jerin masu dubawa na shekara biyu, Farfesa da kansa ya rubuta wasiƙar. Aka ba wani takardar ya duba daga farko, ta fito bayan wata bakwai. Baba ya fita daga zauren tsofaffin, sai da abokansa uku suka zo har gida suka yi ta ba shi baki sannan ya koma, amma ya daina tura komai sai amsa gaisuwa.

Ana cikin sati na biyar da fitar hoton Dakta ta shiga kasuwa, ta bi ta layin masu kifi, wanda ta riƙa kauce wa tun da abin ya faru. Teburi da yawa an kife su. Wata mata mai jiki, da zane ɗaure a ƙugu, tana zaune gaban babban baho, tarwaɗa suna ta iyo a ciki. Da ta ga Dakta ta rage tafiya sai ta miƙe.

"Zo, 'yar'uwa, zo ki gani da idonki. Lafiyarsu ƙalau, dubi yadda suke wasa. Kada ki biye wa zancen waya. Wata ce can a jami'a, ko me muka tare mata oho, ta zauna a ofis mai sanyi ta kashe mana kasuwa. Maƙwabciyata ga teburinta can, ta koma sayar da gawayi."

Dakta tana iya saye ta wuce. Ta tsaya tana kallon bahon.

"Ni ce," ta ce.

"Ke ce wa?"

"Matar jami'ar. Rubutun da ke jikin hoton nawa ne."

Mai kifin ta saki rariyar da ke hannunta ta faɗa cikin ruwa. Ta dubi Dakta, ta dubi jakarta, ta dubi takalminta.

"Ke? Kuma kika shigo layin nan da ƙafarki?" Ta juya ta ƙwala kira. "Ku zo! Ku zo ku ga mai gubar!"

Kafin Dakta ta ce wani abu an kewaye ta, mata da maza, wasu da wuƙar gyaran kifi a hannu ba su ma san suna riƙe da ita ba. Ta ciro shafin daga jaka, ta ɗaga shi sama, ta fara bayani. Wani ya ce ƙarya take, wata ta ce a bari ta gama. Ta faɗi zancen tankuna, da maganin da aka zuba da gangan, da inda aka yanke hoton. Wani mai yankan kifi ya karɓi takardar ya karanta wa sauran rubutun ƙasa da ƙarfi, ya sake karantawa. Hayaniyar ta ragu.

"To mu kike gaya wa?" in ji mai kifin. "Mu ai mun san kifinmu. Masu saye za ki gaya wa, su da suka gudu."

"Na yi bidiyo..."

"Bidiyo! Wa ya gani? Ranar Asabar da safe kasuwar nan ba wurin sa ƙafa. Ki zo ki tsaya a nan, kusa da bahon nan, da takardarki. Duk wanda ya wuce yana toshe hanci, ki tare shi ki faɗa masa abin da kika faɗa mana."

"Zan zo."

"Za mu gani." Ta sa hannu cikin ruwa ta lalubo rariyarta. "Yau dai ba zan sayar miki ba, raina bai huce ba tukuna."

Ranar Asabar Dakta ta zo tun ƙarfe takwas. Mai kifin ba ta amsa gaisuwarta ba, amma ta tura mata wani ɗan benci da ƙafa, ta nuna mata inda za ta tsaya don kada ta tare wa masu saye hanya.